Koren Ruwan Bayan Gidan Kafilina

Mu gidan jima ne. Tun ina ƙarami abin da na sani game da gishiri shi ne yana hana abu ruɓewa. In aka kawo ɗanyar fata daga mahauta, a shimfiɗa ta a barbaɗe ta da gishiri, sai ta yi kwanaki ba ta yi wari ba. Da wannan sanin na zo Jidda, kuma da shi na ɓata ruwan kafilina, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar.

Aikina gadi ne, haris kamar yadda ake faɗa a nan, a wani babban gida da ke arewacin gari. Ɗakina na jikin get. Ina share tsakar gida, ina ba shuke-shuke ruwa, ina wanke motoci. A bayan gidan akwai masbah, wato kwamin iyo, an shafe cikinsa da ƙananan tayil shuɗaye. Gefe ɗaya ruwan iya ƙugu ne, daga nan ƙasan ya yi ta gangarawa har ya kai zurfin da zai shanye dogon mutum da hannunsa a ɗage. Ruwan gishiri ne, amma ba mai ɗaci irin na teku ba, ɗan ɗanɗano kawai kamar na hawaye. Kusa da shi akwai ɗakin inji, ƙarami, an ɗan nutsa shi cikin ƙasa, injin cikinsa kuwa kullum yana ƙugi. Ni ban iya ruwa ba. A garinmu babu kogi, sai kududdufin da ke cika da damina, shi ma iyayenmu sun hana mu zuwa.

Da zafi ya shigo aka rufe makarantu, kafilina ya kwashi iyalinsa suka tafi ƙasar waje. Kafin ya tafi ya dakatar da mutumin da ke zuwa duba ruwan. Ya ce aikin ba shi da yawa, in riƙa kwashe ganye da raga, in ƙara ruwa in ya ragu, kada in taɓa inji. Na ce to.

Ba a daɗe ba yayan matata ya zo. Umara ce ta kawo shi shekarun baya bai koma ba, yana wankin mota a Aziziyya, ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama. An yi kame a layinsu, ɗakin da suke kwana su da yawa ya watse, sai ga shi a bakin get da rana tsaka, silifas ɗinsa ɗaya ya tsinke ya ɗaure shi da waya. Ya girme ni sosai. Shi ya tsaya a matsayin uba ranar da aka ɗaura mana aure, kuma ban taɓa kiran sunansa ba, Yaya nake ce masa kamar yadda ƙanwarsa ke faɗa. Na san hukuncin wanda ya ɓoye marar takarda a gidan kafilinsa, duk da haka na buɗe masa. Na ba shi takalmina na fata da nake zuwa masallaci da shi, na ba shi tsohuwar wayata. Ɗakin get kowa na leƙawa, direbobin maƙwabta na shigowa shan shayi, saboda haka a ɗakin inji na shimfiɗa masa tabarma.

Bai yi ƙorafi ba. Ni ne na lura idanunsa sun yi ja, ƙugin injin ba ya barinsa ya runtsa. Sai na zauna na yi tunanina na ɗan majemi: ruwa dai da gishiri a ciki, me zai same shi? Na sa hannu na kashe inji.

Da farko babu abin da ya canza. Daga baya ruwan ya daina ƙyalli, bangon ya fara santsi in ka shafa. Wata safiya na leƙa na ga layukan tayil na wajen zurfin sun dushe. Na ce gishirin ne ya yi kaɗan. Akwai buhuna a jingine a ɗakin inji, na farke ɗaya na juye. Washegari ruwan ya fi jiya kore, na ƙara wani. Yaya yana tsaye da butarsa ya ce, a hankali, ko dai a kunna abin nan, shi zai iya kwana a gindin dabino. Na ce masa ya bar ni da aikina. Ina da wannan halin, in na fara kuskure na fi son in kai shi ƙarshe da a gyara mini.

Zafin Jidda ba ya jira. Kafin in ankara ruwan ya zama kamar miyar kuka. Gansakuka ta kama bango, ta yi gashi-gashi a matakala, wata ta taso sama ta yi kumfa a kusurwoyi. Tsutsar sauro ta cika shi, mazari suka zo daga inda ban sani ba. In na tsoma hannu zuwa wuyan hannu ba na ganin yatsuna. Gidan maƙwabtanmu bene ne, tagoginsu na kallon bayanmu, sai na ɗauko wani babban tamfol mai nauyi da ake rufe kaya da shi, muka ja shi ni da Yaya muka rufe wajen zurfin. Na danne gefensa da bulo, da wata kujerar ƙarfe mai naɗewa da kafilina ke kwanciya a kai.

Ranar wata Juma'a da hantsi kafilina ya bugo waya. Ya ce sun fasa daɗewa, ƙarshen wata za su dawo, yara ba su da zance sai na masbah. Ya tambaye ni ruwan, na ce masa tamam, lafiya lau. Ina ajiye wayar na zagaya baya na tarar da Yaya yana wanke ƙafa a bakin ruwa, a kansa na sauke tsoron da ke cikina. Na ce saboda shi na kashe inji, saboda shi zan rasa aikina. Ya ce bai ce in kashe ba. Da na yi shiru a nan da shi ke nan. Sai na ce masa yana cin abincina, yana kwana a inuwata, takalmin ƙafarsa ma nawa ne. Mutumin da ya ba ni aure. Ya dube ni, ya ci gaba da zuba ruwa a ƙafarsa. Na tafi masallaci ban jira shi ba.

Da na dawo gidan shiru. Na zagaya baya. Tamfol ɗin ya zame ya faɗa ruwa, kusurwarsa ɗaya ce kawai ta rage a waje, kwance a kan tayil. Kujerar ƙarfen babu ita. Takalmin da na ba shi kuwa yana bakin ruwa, daidai wajen zurfin, ƙafa biyu a jere, bakinsu na kallon ruwan. Wayar da na ba shi tana ɗakin inji a kan buhun gishiri. Tabarmarsa na nan, tsohon haraminsa da yake rufa da shi yana rataye a ƙusa. Na kira shi, na duba gindin dabino, na duba banɗakin waje, na leƙa titi. Rana ta take, babu kowa sai motoci a rufe.

Abu biyu ne, kuma tun a lokacin na san su duka. Ko dai ya cire abin da na yi masa gori a kai ya ajiye mini, ya fita ta ƙaramar ƙofa babu takalmi. Ko kuma ya ga tamfol yana zamewa, ya cire takalmi don kada ya jiƙe, ya sunkuya zai jawo shi, tayil mai santsi ya kwashe shi. Shi ma bai iya ruwa ba. Ina tsaye ina kallo, kusurwar tamfol ɗin da ta rage ta ja jiki a hankali, ba iska ba komai, ta shige. Koren ya rufe a kanta.

Doguwar sandar raga tana jingine a bango, taku kaɗan daga inda nake. Ba wani aiki ba ne mutum ya ɗauke ta ya zura ƙasa ya taɓa. Ban ɗauka ba. Na ce wa kaina yana wajen abokansa, zai huce ya dawo. Na ɗauke takalmin na kai ɗakina na tura ƙarƙashin gado. Gaskiyar ita ce, in na taɓa na ji abu mai laushi, to daga wannan lokacin akwai gawar marar iƙama a gidan kafilina, ni na shigo da shi, kuma ni zan faɗa wa ƙanwarsa. Muddin ruwan kore ne, babu wanda ya mutu.

A garinmu in yaro ya nutse a kududdufi, ba a daɗewa ruwa ke dawo da shi sama. Tsofaffi kan ce wanda bai taso ba mutanen ruwa ne suka riƙe shi. Ni na yi karatun allo daidai gwargwado, ban ɗauki wannan zance da muhimmanci ba. Amma na san nauyin tamfol ɗin nan, hannuna ya ja shi. Kowace safiya bayan na dawo sallah sai in zagaya baya ina kallon ƙasa, sai na zo daf sannan in ɗaga kai. Ruwan na nan a kwance, kore shar, ko motsi.

Ƙarshen wata kuwa yana matsowa. Dole na tafi shagon da ake sayen kayan ruwan gidan. Mai shagon haifaffen Jidda ne, kakansa ne ya zo aikin hajji da ƙafa daga ƙasar Hausa. Hausarsa rabi Larabci ce, kuma ba ya ganin sabon zuwa bai tsokane shi ba. Na nuna masa hoton ruwan a waya, na faɗa masa na kashe inji na ƙara gishiri. Ya yi dariya har ya dafa kanta.

"Ya shekh, masbah aka ba ka ko kilishi?"

Ya yi mini bayani. Ya ce gishirin shi kaɗai ba ya kashe komai. Akwai wani bututu a jikin injin mai farantan ƙarfe a ciki, in ruwa na bi ta nan wuta na taɓa shi, shi ne gishirin ke zama kulor, maganin da ke kashe gansakuka. Na kashe inji, na kashe magani. Yanzu kuma abin ya fi ƙarfin bututun, sai an taimaka masa. Ya ba ni jarkokin kulor, da asid, da buroshi mai faɗi, ya nuna mini yadda ake juya hannun tukunyar yashi da ke tace ruwa don ta amayar da dattin da ta tara. Ya ce in goge bango, in zuba magani, in bar inji yana aiki kada in kashe ko da minti ɗaya. Amma kafin komai, ya ce, in sa raga da sanda in fitar da duk abin da ya faɗa ciki, ganye ne, leda ce, mushen tsuntsu ne, don magani ba ya cin ruwan da ke da kaya a ƙasa. Na ce to, Alhaji. Ya ce in ruwan ya fara washewa in kira shi ya kawo tiyon da ke zuƙe ƙasa.

Na yi duk abin da ya ce ban da na farkon.

Da na kunna injin ya yi ƙugi kamar da, sai kuma ya fara tari. Ya ja, ya shaƙe, ya saki, ya sake ja. Ruwa na shiga injin ta hanya biyu, ta wata 'yar taga a saman bango, da ta wani rami a can ƙasan wajen zurfin. Wani abu ya kwanta a kan ramin na ƙasa. Na tsaya a ɗakin nan mai zafi, tabarmar Yaya a ƙarƙashin ƙafata, ina jin injin yana tari kamar tsoho mai ciwon ƙirji. Na lalubi makunnin hanyar ƙasa na rufe. Tarin ya tsaya.

Na ɗaura buroshi a sanda na fara goge bango daga wajen da ba zurfi. Gansakuka na tashi kamar hayaƙi a cikin ruwa. Na goge matakala, na goge gefe da gefe, amma in na iso inda ƙasa ta fara gangarawa sai in taƙaita hannu, iya saman bango kawai nake gogewa, ba na barin sandar ta yi nisa. Sau ɗaya buroshin ya kuɓuce ya yi ƙasa ya taɓa wani abu da ya ɗan motsa. Na fizgo shi da ƙarfin da ya sa na faɗi zaune.

Mahaifiyata ba ta zubar da ruwan zafi a ƙasa sai ta yi bisimilla ta ce a gafara, don kada ta ƙona waɗanda ba a gani. Na tashi da wannan, ko ruwan shayi zan watsar sai na faɗa. Ranar da na fara zuba kulor na bi gefen ruwan da jarka ina tsiyayawa, ina bisimilla, ina a gafara. Da na iso wajen zurfin sai na ji bakina ya ce, Yaya, gafara. Ban yi niyya ba. Na tsaya da jarkar a hannu. Sannan na juye sauran duka a wurin, fiye da abin da mai shagon ya ce, kuma na san dalilin da ya sa na yi haka. Ina tsoron wari.

Matata da ke can garinmu kan kira ni da yamma in ta gama aikin gida. Ta tambayi Yaya, ta ce ta kira wayarsa ba a ɗauka. Wayar tana cikin aljihuna a lokacin, na kashe mata ƙara. Na ce mata lafiyarsa lau, ya samu wani aiki a wajen tashar jiragen ruwa, ba a barinsu da waya. Ta ce Allah ya taimaka, in ce masa Inna na gaishe shi. Na ce zai ji.

Ruwan ya fara sauyawa. Daga kore ya koma kamar kunun kanwa, daga nan ya yi fari-fari kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Tsutsar sauro ta mutu ta taru a 'yar tagar bango, ina kwashewa da hannu. Mazari suka daina zuwa. Allurar agogon da ke kan tukunyar yashi na hawa, alamar datti ya taru, in juya hannun, ruwa mai kauri ya fita ta magudana, in mayar. Hannuwana suka yi fari suka tsattsage, idanuna na yaji. Aikin yana kyau, abin da ya fi damuna ke nan. Kowace safiya ina ganin matakala ɗaya fiye da ta jiya.

Unguwarmu akwai kyanwoyi da yawa, na bola, ba su da mai su. Da can ba sa zuwa bayan gidan. A kwanakin nan sai na riƙa tarar da su da tsakar rana, lokacin da ko tsuntsu ba ya fita, sun zauna a kan tayil mai zafi a gefen zurfin, ba sa shan ruwan, ba sa faɗa da juna, suna kallon ƙasa. In na kore su sai su matsa kaɗan su sake zama. Wani lokaci kumfa kan taso daga wurin, guda ɗaya babba, ta fashe, sai a daɗe kafin wata. Na gaya wa kaina iska ce da ta maƙale a ƙarƙashin tamfol. Wataƙila ita ce.

Na daina cin abincin kirki. In na yi sujada sai in ga koren nan a cikin idona. Direban maƙwabta ya tambaye ni ko zazzaɓi nake, na ce warin magani ne.

Sai wata safiya farin ya kwanta. Dattin ya sauka ƙasa kamar toka, saman ruwan ya yi shuɗi-shuɗi, na ga gangaren tayil yana tafiya ƙasa har inda tamfol yake. Maganin ya cinye launinsa, ya yi fari fat. Ya baje a ƙasan, amma a tsakiya ya yi tudu, dogo, gefe ɗaya ya fi tashi, kamar mutum ya kwanta a kan haƙarƙarinsa ya ɗan naɗe gwiwa. Haka Yaya ke kwanciya. Haka kuma kujerar za ta iya zama in ta faɗi a karkace. Na daɗe ina kallo, in na karkata kai nan sai in ga kujera, in na karkata can sai in ga kafaɗa.

Ban kira mai shagon ba, shi ya zo da kansa bayan azahar, ya ce hanya ce ta biyo da shi. Ya shigo yana jan tiyo yana tsokanata, wai ina mai kilishi. Da ya iso bakin ruwan ya yaba, ya ce mashaAllah, na fara zama mutum. Sai ya hango ƙasan.

"Esh hada, mene ne wannan? Ban ce ka fitar da kaya tun farko ba?"

Ya miƙa hannu zai ɗauki sandar, na riƙe ta. Ya dube ni, dariyar ta bar fuskarsa. A nan tsaye na faɗa masa komai, da Yaya, da gorin, da takalmin. Bai katse ni ba. Da na gama ya ja da baya daga bakin ruwan, ya ciro makullin motarsa ya riƙe a hannu. Na zaci tafiya zai yi, kuma da ya tafi da ban ga laifinsa ba, yana da iyali da shago. Ya tambaye ni tun yaushe. Na ce ya haura mako. Ya yi salati a hankali.

"In Musulmi ne a ƙasan nan, yana bin ka wanka da sallah," ya ce. "Ni ba zan taɓa ba. Kai za ka jawo. Yalla, ina tsaye."

Daga bakin ruwa sandar ba ta kama tamfol ɗin, zamewa take yi. Dole sai an shiga. Na cire riga na bi matakala, karo na farko a rayuwata da ruwa ya wuce mini gwiwa. Ɗumi ne da shi kamar jikin mutum. Na taka har inda gangaren ya fara, ruwa a ƙirjina, tokar ƙasa na tashi tana zagaye ƙafafuna. Mai shagon ya ɗaura wata ƙugiyar waya a bakin sandar ya miƙo mini. Na zura, na laluba, ƙugiyar ta shiga ɗaya daga cikin ramukan igiya na gefen tamfol. Na ja, bai motsa ba. Na sake ja da dukkan ƙarfina, sai ya taso gaba ɗaya da abin da ke ƙarƙashinsa, yana tahowa wajena a hankali, kumfa na fita ta ko'ina, ruwan ya sake gurɓacewa har ban ga komai ba. Wani abu ya bugi ƙaurina. Na rufe ido.

Mai tauri ne, kuma siriri. Na sa hannu na kama, ƙafar kujera ce.

Muka jawo tamfol ɗin waje mu biyu, muka baje shi a kan tayil, muka juya shi. Bulo, ganyen dabino, kujera da ta fara tsatsa, da mushen tantabara ɗaya. Mai shagon bai yarda ba sai da ya karɓi sandar ya bi ƙasan da ita kusurwa zuwa kusurwa, sannan ya ajiye. Ya zauna a kan murfin ɗakin inji ya goge fuska da hularsa. Ya ce halas, shi ke nan, in buɗe hanyar ƙasa, gobe in zuƙe tokar. Bai sake tsokanata ba ranar. A bakin get ya tsaya ya ce, to yanzu ina mutumin yake?

Da yamma na kira matata na faɗa mata Yaya ya bar wurina cikin fushi, ban san inda yake ba, zancen tashar jiragen ruwa ƙarya na yi. Ban faɗa mata na ruwan ba. Ta tambaye ni me na ce masa, na maimaita mata. Sannan ta ce, Malam, ka nemo shi, in ka gan shi da idonka sai ka kira ni.

Kafilina ya dawo ya tarar da ruwa garau, ana ganin kowane tayil. Yara suka faɗa ciki tun kafin a sauke jakunkuna. Ƙaramar cikinsu ta fi son wajen zurfin, takan nutse ta kwanta a ƙasa ta riƙe numfashi don 'yan'uwanta su ƙirga mata. In ta fara haka sai in koma get.

Duk ranar da na samu fita sai in bi masu wankin mota ina tambaya. A Aziziyya aka ce ba a gan shi ba tun kamen nan. Wani ya ce ko an tafi da shi tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar gida. Wani ya ce ya ga mai kama da shi a rumbunan kaya na bakin tasha, na je, ba shi ba ne. Sai da zafi ya fara sauƙi wani ɗan Nijar mai sayar da shayi ya ce in duba Madain Fahd, bayan wani shagon kayan miya.

Yaya yana nan zaune a kan bulo, bokiti a gabansa, ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa gaisuwar duka, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen gidan, kamar jiya muka rabu. Na isar masa da gaisuwar ƙanwarsa da ta Inna, ya sa aka kawo mini shayi. Na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce. Na tambaye shi ko shi ya taɓa tamfol kafin ya fita. Ya ce a'a, yadda muka shimfiɗa shi haka ya bar shi, da kujerar a kai.

Da na tsaya a nan. Amma abin ya daɗe a cikina, kuma ina so ya san irin wahalar da na sha, wataƙila ma ya tausaya mini. Sai na ba shi labarin duka, yadda na ga takalmin, yadda na zaci ya faɗa, da tarin inji, da kyanwoyi, da tudun nan a ƙasan ruwa. Yana saurare yana matse tsumman wankinsa.

"Wato ka zaci ina ciki," ya ce.

Na ce e, Yaya.

"Sai ka yi yaya?"

Na buɗe baki, na ga babu abin faɗa sai gaskiya. Na ce na zuba magani.

Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana kallon titi. Bai yi fushi ba, da ya yi da na fi jin sauƙi. Wata farar mota ta tsaya a gaban shagon, mai ita ya ɗaga masa hannu. Ya miƙe, ya ce in shanye shayina kada ya huce, in kuma na kira ƙanwarsa in ce mata ya gode da gaisuwa. Ya ɗauki bokitinsa ya nufi motar.